Loma a Ƙunshe

Mutumin Gaya ya saba da abincin baƙi. Gadar Malanbil ta kawo masa garin rogo da manja daga Benin, hanyar Kamba ta kawo masa na Najeriya. Amma ran da hidima ta kai shi Yamai, abokai suka zaunar da shi gidan abincin Sinawa, sai hannunsa ya tsaya bisa faranti.

Abin da aka aje masa, jiaozi suke ce da shi: kwaɓin alkama ne, a murza shi falle-falle, a zuba niƙaƙƙen nama da kabeji, a liƙe baki, a dafa ko a turara. Da farko ya zaci ɗanwake ne. Sai dai ɗanwake ba ya ɓoye kome, cikinsa da bayansa ɗaya. Wannan kuwa ɗaurarren kaya ne, kamar na motocin da ke jiran duwan a bakin gada, kuma a Sin naman alade aka fi ƙunshewa ciki.

Kunya ta ce ya ci, addini ya ce ya tambaya. Ya tambaya. Mai gidan bai ɓata rai ba, don a ƙasarsu ma akwai Musulmi, ƴan ƙabilar Hui, masu yin nasu da naman sa ko na rago. Na sa aka kawo masa.

Bututun man da Sinawa suka shimfiɗa daga Agadem ya ratsa ƙasar Gaya, ya soma aiki a 2024. Yaran lakkol na yau za su zauna a irin wannan teburi. Ya kamata su tashi da sanin cewa tambaya cikin ladabi ba raini ba ce ga mai masauki.