Zamanin Lauyoyin Takarda

A shekarun 1990, duk wanda ya leƙa wurin masu baje littattafan gwanjo a Sabon Garin Kano ko Kaduna zai tarar da John Grisham ya fara ture James Hadley Chase gefe. Littattafai ne masu kauri, bangonsu ya sha hannu, ɗaya sai ya zagaye ɗakin kwanan ɗalibai kafin ya koma ga mai shi, in ma ya koma.

Ba Grisham ne ya fara wannan salo na labarin lauyoyi da kotu ba. Tun 1933 Erle Stanley Gardner ya ƙirƙiro lauya Perry Mason, ya rubuta littattafai sama da 80 a kansa. A 1987 Scott Turow, tsohon mai gabatar da ƙara a Chicago, ya fitar da Presumed Innocent. Amma Grisham ne ya cika kasuwa. Lauya ne a jihar Mississippi, ya kuma yi ɗan majalisar jiha. Littafinsa na farko, A Time to Kill na 1989, kwafi 5,000 kacal aka fara bugawa. Sai The Firm ya fito a 1991, shi ke nan, kusan kowace shekara da sabo.

Abin da ya kama mu a fili yake. Ga ƙaramin lauya, aljihu babu nauyi, ya ja daga da kamfani mai kuɗi, kamar yadda ya faru a The Rainmaker, inda kamfanin inshora ya ƙi biyan kuɗin jinyar wani saurayi har rai ya yi halinsa. Ga wanda ya tashi ƙarƙashin mulkin soja, lokacin da dokar soja ke iya hana kotu sauraron ƙara, ganin talaka ya kayar da mai ƙarfi a gaban alƙali ba ƙaramin daɗi ba ne. Kuma marubutan sun san aikin: yadda ake tsare shaida da tambayoyi har ya fara in-ina.

Sai dai kotun da suka nuna mana ta ado ce. Daɗin labarin ya rataya ne a kan juri, mutum 12 daga cikin jama'a da ke yanke hukunci, tsarin da kotunanmu ba sa aiki da shi. Ko a Amurkar ma, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi ba sa kaiwa gaban juri. Ciniki ake yi, a amsa laifi a sami sassauci. Ɗage zama, ɓatan fayil, da mai jiran shari'a da ya shekara biyar a gidan yari, duk ba su sami shafi ba. Matan cikin labarin kuwa yawanci ba su da wani aiki sai jiran jarumi, miyagu kuma miyagu ne tun daga shafin farko. In ka karanta uku, na huɗu kai za ka ba da labarinsa.

A ganina, littafin Grisham da ya fi nauyi shi ne The Innocent Man na 2006, wanda bai ƙaga ba. Labarin Ron Williamson ne na Oklahoma, wanda aka yanke wa hukuncin kisa kan laifin da bai aikata ba. Ya yi shekara 11 a tsare kafin gwajin DNA ya wanke shi a 1999, ya kuma rasu a 2004 yana da shekara 51.