Ranar da na ga ana yi wa likita jarrabawa

Da sanyin bara ƙanena ya kamu da tari da zazzaɓi, numfashinsa yana fita da sauri har haƙarƙarinsa na lotsawa. Daga Doguwa aka tura mu Kano. Muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Tudun Wada, Inna na rungume da shi, ni kuwa ina riƙe da katin asibiti.

A ɗakin yara, wata matashiyar likita ta zo bakin gadonsa da 'yar na'ura mai kama da tocila, an jona ta da allo. Ni a sanina masu juna biyu kaɗai ake yi wa sikanin. Ta shafa masa wani mai mai santsi a ƙirji, ta ɗora na'urar. Wani dattijon likita yana tsaye bayanta da takarda da biro.

"Yallaɓai, akwai ruwa a ƙasan huhun dama," in ji ta.

"Me ya nuna miki?"

Ta nuna wani baƙin wuri a allon. Ya sa ta sake dubawa ta baya, sannan ya yi alama a takardarsa.

Da yamma na yi ƙarfin hali na tambaye ta. Ta ce, "Ƙanwata, na'urar sauti take aikawa wanda kunne ba ya ji, ya dawo kamar amsa-kuwwa a duwatsun Riruwai. Ruwa ya fito baƙi, ƙashi fari. Ba sai an ɗaga yaro daga gado ba. Amma hoto ba ya magana, ido ne ke karanta shi." Ashe ta gama karatun likita, yanzu ƙwarewa take nema a fannin yara, kuma malaminta yana auna abin da ta gani da nasa kafin a bar ta ta duba ita kaɗai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a 2019. Ƙanena ya warke, alhamdulillahi.

A da, in an shiga ɗakin gwaje-gwaje, zanen ƙawata nake kwafa ba tare da na leƙa madubin ba. Tun da muka dawo na daina. In da likitar nan ma kwafa ta saba yi, da wa zai ga ruwan da ke ƙirjin ƙanena?