Fitilar da Ke Ƙifta Ido



Ranar da malaminmu na fasaha ya ce zai kawo mana janareta, mu 'yan ƙungiyar kimiyya mun zaci irin mai shan fetur ne. Sai ga shi da ɗan akwati mai allo da maɓallai, wanda ya aro na kwana ɗaya tak. Ya ce sunansa janaretan sigina, kuma yana fitar da wuta a duk tsarin da aka saita masa.

Dama muna da gardama. Yawancinmu da fitila mai caji muke karatun dare, kuma takan mutu kafin mu gama. Wasu sun ce rage haskenta yana sa caji ya daɗe, wasu sun ce wahalar da ido ne kawai.

Da muka haɗa ƙaramin ƙwan LED sai ya ƙi kamawa. Gabanmu ya faɗi, mun ɗauka mun lalata kayan aro. Ashe ƙafafun ƙwan muka juya. Malam ya yi dariya, ya ce mu gyara da kanmu.

Ya saita akwatin ya riƙa kunnawa da kashewa sau 2 a daƙiƙa, ƙwan ya dinga ƙiftawa. Da ya kai sau 1,000, sai muka ga haske a tsaye, alhali ƙiftawar tana nan, ido ne ya kasa binta. Daga nan ya bar mu muna sauya tsawon lokacin kunnawar. A kashi 75 cikin 100 ƙwan ya yi haske sosai, a kashi 25 ya dusashe. Wannan dabara ita ce PWM, wato sauya faɗin bugun wuta. Sai muka tuna muna ganin haruffan nan a jikin na'urar cajin batirin sola.

Nan gardama ta ƙare. Ƙwan da ke kunne kashi 25 na lokaci, kashi 75 hutawa yake, batir ma haka.

Ku gwada a gida: ku rage hasken fitilarku, ku kaɗa ta da sauri cikin duhu. Idan kun ga hasken ya rabu ɗigo-ɗigo, to ƙiftawa take yi. Mu dai jarrabawa ta kusa, mun koma karatu da matsakaicin haske.

Daga 'yan aji biyu, ƙungiyar kimiyya.