Samaru, Garin da Jami'a Ke Ciyarwa

Duk wadda ta sauka a Kwangila, daga Kano ta fito ko daga Kaduna, ba ta buƙatar tambayar hanya. Yaran mota na ta kiran "Samaru, Samaru!" Hanyar Funtuwa ake bi, a wuce Palladan inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take. Tun kafin a hango babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello an fara ganin alamunta a bakin titi: shagunan fotokwafi jere da juna, masu ɗaure kundin digiri, masu sayar da ƙaramar katifa da bokitin roba da risho. Kayan ɗalibi ke nan.

Da yawanmu iyaye mata sunan ABU kawai muke ji, mu yi ta addu'ar Allah Ya sa yaranmu su samu gurbi. Sunan kuwa ba a banza ya yi nauyi ba. A ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta, Sardauna Sir Ahmadu Bello ne ubanta na farko, Farfesa Ishaya Audu kuma shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, daga 1966. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan ya yi karatu, haka Sanusi Lamido Sanusi, haka Zainab Shamsuna Ahmed wadda ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta ƙasa. Zaga ofisoshin Arewa, da wuya ki rasa wanda ya taɓa kwana a ɗakunan Suleiman ko na Amina.

Cikin harabar akwai sanyin inuwa da ba a samu a titi. Manyan bishiyoyi, dogon benen majalisar jami'a da ake hangowa daga nesa, gumakan da ɗaliban zane suka sassaƙa a lambunsu, can ƙasa kuma madatsar ruwan Kubanni. Wuri ne mai faɗi ƙwarai, uwargida, kada ki zo da takalmi mai tsini.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jami'ar nan ke shiga tukunyarmu ba mu sani ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta girmi jami'ar kanta, domin tun 1922 ake gwajin iri a wurin. Idan kin taɓa jin manomi na maganar masarar SAMMAZ, ko waken SAMPEA, ko gyaɗar SAMNUT, to wannan "SAM" ɗin Samaru ake nufi. Gaba kaɗan a Shika akwai cibiyar binciken dabbobi da ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, ga kuma asibitin koyarwa da ake kawo marasa lafiya daga jihohi da dama. Ko ɗanki bai taɓa taka Zariya ba, mai yiwuwa tuwon da ya ci jiya yana da alaƙa da ita.

Su kuwa mutanen Samaru, jami'ar ce gonarsu. Mai gidan haya a Hayin Dogo, mai awara da ƙosai a bakin ƙofa, mai wanki da guga, ɗan acaɓa, telan da ke ɗinka wa 'yan mata kayan bikin yaye ɗalibai, duk da zangon karatu suke lissafin shekara. Shi ya sa yajin aikin malamai na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba ɗalibai kaɗai ya taɓa ba. Mu a gida muna kukan yara sun zauna ba karatu. Matar da ke tuyar ƙosai a Samaru kuwa masu sayenta ne suka watse gaba ɗaya, alhali nata yaran sai sun ci.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Tun 1975 jami'ar ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, ita ke biyan albashin ma'aikata. Gine-gine da sayen littattafai da tura malamai ƙaro ilimi, galibi asusun TETFund ke ɗaukar nauyi, daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanoni. Kuma gwagwarmayar ƙungiyar malamai ta ASUU ce ta haifar da wannan haraji a 1993. Amma TETFund ba ya biyan kuɗin wuta da ruwa da man janareta. Waɗannan daga ɗan kason gudanarwa da abin da jami'a ta tara da kanta suke fitowa. Da aka ƙara farashin lantarki a 2024, jami'o'in tarayya da dama sun fito fili sun ce ba za su iya ba. A hukumance ba a biyan kuɗin koyarwa a digirin farko a jami'o'in tarayya, amma akwai kuɗin rajista da na ɗakin kwana da sauransu, kuma duk inda aljihun jami'a ya matse, a nan iyaye ke jin zafin. Rancen ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya ɗan sassauta wa wasu, sai dai bashi ne, ranar biya na nan tafe.

To me ake saya da wannan wahala? Ni dai amsata tana cikin Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, wanda aka raɗa wa sunan Sir Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa. Ginin yana tsakiyar harabar, kuma yana cikin manyan ɗakunan karatu na jami'o'in ƙasar nan. Da kin shiga hayaniyar waje ta yanke. Kantoci ne a jere, ƙamshin tsohuwar takarda, ɗalibai sun duƙufa, wani ya kifa kai a kan tebur barci ya sace shi. Akwai sashen littattafan Larabci, akwai na abin da ya shafi Afirka, akwai tsofaffin jaridu, akwai kundayen digirin da ɗalibai suka rubuta shekara da shekaru a kan ƙauyukanmu da sana'o'inmu da cututtukanmu, abubuwan da yawancinsu ba za ki same su a waya ba. Akwai kuma ɓangaren kwamfuta da ake karanta mujallun ilimi ta intanet, waɗanda kuɗin shigarsu da kuɗin waje ake biya, saboda haka faɗuwar naira har nan take isowa.

Ba shi kaɗai ba ne. Harabar Kongo, kusa da Tudun Wada, inda ake karatun shari'a da sha'anin mulki, tana da nata mai sunan Shugaba Kennedy na Amurka. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin jami'ar. A can ake adana takardun gwamnatin Arewa da rubuce-rubucen hannu na malamanmu na da, na Larabci da na ajami.

Abin da ke damuna shi ne yaro na iya yin shekara huɗu a jami'a irin wannan da takardun darasi na fotokwafi kawai, ya haddace, ya ci jarrabawa, bai taɓa jan littafi daga kanta ba. An biya masa kuɗin laburare a cikin rajista, bai ci moriyarsa ba. Mukan tambaye su ko sun ci abinci, ko kuɗi ya ƙare, ko akwai ruwa a ɗakin kwana. Ranar da kika kai ziyara Samaru da garin rogo da yaji da soyayyen nama, bayan an sauke kaya ki ce ya nuna miki katinsa na laburare, ya raka ki har ƙofar ginin, ya faɗa miki a wane bene littattafan fanninsa suke.