Tantanin da Ke Riƙe da Motar Haidirojin

Ana yawan yi wa motar da ke tafiya da iskar haidirojin kirari, wai ba ta fitar da hayaƙi sai ruwa. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne wani tantanin roba da bai kai kaurin gashin kai ba. A batirin irin wannan mota, kamar Toyota Mirai da ta fito a 2014, tantanin ne ke raba haidirojin da iskar oksijin, yana barin ƙwayoyin furoton su ƙetare, lantarki ya samu. Mafi shahara a cikin irinsa shi ne Nafion, wanda Walther Grot ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a ƙarshen shekarun 1960.

Tantanin ba ya aiki sai da danshi. In ya sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, kamar fatar ganga da ke saki da damina, ta ɗaure da hunturu. Sai dai shi a matse yake tsakanin faranti biyu, babu wurin miƙewa. Yau da gobe sai ya gaji, ya tsage, iskokin biyu su gauraya, batiri ya lalace.

Gwajin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta tsara yana jiƙa tantani da busar da shi sau 20,000 a zafin digiri 80, aikin kusan wata biyu. Shi ya sa injiniyoyi ke kwaikwayon halinsa da lissafi a kwamfuta. Aikin da wuya, domin robar tana miƙewa a hankali, zafi da ruwa suna sa ta laushi, kuma ba ta komawa daidai yadda take. Dole lissafin ya haɗa zafi da danshi da lokaci kafin ya nuna inda tsagewa za ta soma.

A ganina, makomar motar ta rataya a nan. Tantani siriri ya fi ba da lantarki, amma ya fi saurin yagewa. Lissafi ne ke nuna iyakar da za a tsaya, gwaji kuma ya gaskata shi ko ya ƙaryata. Mai saye dai ba ruwansa da kirari. Shekarun da batiri zai yi kawai zai tambaya.