Ɓauren Makka da Gwangwanin Madara

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, zancen kicin ne.

Mu marubuta mun san cewa girkin da muke sakawa a littattafanmu ba ado ba ne kawai. Amare da 'yan mata suna kwafewa su gwada, wasu ma ranar da dangin miji za su zo. Shi ya sa da jarumar littafin da nake rubutawa za ta yi kek ɗin ɓaure, sai na ajiye biro na shiga awo da kaina.

Ba ɓauren bakin rafi nake nufi ba, wanda kan ɓare ka tarar da ƙwari a ciki. Busasshen nan nake nufi da alhazai ke zuwa da shi tsaraba. Muna ce masa na Makka, alhali galibinsa daga Turkiyya yake, don su ne kan gaba a duniya wajen busar da shi. Tsada gare shi, ba abin da za a yi wasa da shi ba ne.

Littattafan girkin Turawa cewa suke a zuba giram 150. To fisabilillahi, gida nawa ne ke da sikeli a kicin? Mu da gwangwani da cokali muka taso. Ga lissafin: kofin awon Amurka yana cin kusan mililita 240, kuma in aka cika shi da yankakken busasshen ɓaure yakan kai kimanin giram 150. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa kuwa kusan kashi biyu cikin uku ne na wannan kofi, wato yana ɗaukar giram 100 ko kusa da haka. Ke nan giram 150 gwangwani ɗaya da rabi ne. Leda mai giram 250 kuma biyu da rabi.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma nan ne rigimar take. Gwangwani wuri yake aunawa, bai san nauyi ba. Kofin da ya ci giram 200 na sukari, fulawa 125 kawai zai ɗauka. Shi ɓaure ya fi su fitina, domin danƙo gare shi. In kika yanka manya-manya, rabin gwangwanin iska ce. In kika daddanna da yatsa sai ya cure, ki zuba fiye da ƙima, kek ya yi nauyi, tsakiyarsa ta ƙi gasuwa. Ni dai kamar girman ƙwayar gyaɗa nake yankawa, bayan na cire ɗan kan nan mai tauri, in zuba sakwa-sakwa, in ɗan girgiza, in shafe bakin. Ba tozo irin na mudun kasuwa. A shafa wa wuƙar mai tukuna, in ba haka ba za ta yi ta mannewa.

Masu jiƙa shi a ruwan ɗumi don ya yi laushi, a auna kafin a jiƙa, domin yana kumbura.

Wata ƙawata ta ce in rubuta giram ɗin kawai, wai ya fi nuna jarumar 'yar boko ce. Ban yarda ba. A babi na tara, gwangwani ɗaya da rabi za ta auna, uwar mijin tana tsaye tana kallo.