Direban Da Ya Ƙetare Gari Neman Masu Irin Ciwonsa

Akwai wani direban babbar mota, mutumin Arewa, mazaunin Agege a birnin Ikko, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana shan barasa, ba wanda ya taɓa ganin kwalba a hannunsa cikin unguwa. Ran Juma'a yana sahun gaba, in ana suna da shi ake rabon goro. A hanya yake shan abinsa, a tashoshin da motoci kan kwana, inda ba a tambayar mutum ɗan gidan wane ne. Maiɗakinsa kaɗai ta sani, ita kuwa ta rufa masa asiri.

Wata shekara da azumi ya yi rantsuwa ya bari, lokaci guda. A rana ta uku jikinsa ya ɗauki karkarwa, zufa ta karyo, ya riƙa ganin ƙwari suna bin bango, daga nan ya faɗi yana shure-shure. A asibiti likita ya ce masa jikin da ya daɗe da sabawa da giya, in aka yanke masa ita farat ɗaya, yakan yi wannan bore, har ya kai ga rasa rai, saboda haka a hannun likita ake barinta. Sa'ad da aka sallame shi, wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta masa rana da wuri da lambar waya a 'yar takarda, ta ce, "Malam, mu jiki muka gyara. Marmarin yana nan, ga inda masu fama da shi suke haɗuwa."

Taron na ƙungiyar Alcoholics Anonymous ne, watau mashayan da ba a bayyana sunansu. Asalinta a 1935 ne, a garin Akron na Jihar Ohio ta Amurka, inda wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, da wani likitan fiɗa, Bob Smith, dukansu mashaya, suka gane cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya sha irin wuyarsa. A 1939 aka buga littafinsu mai matakai goma sha biyu. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son bari.

Takardar nan ta yi mako biyar cikin alabensa, tare da lasin. Ɗakin taron a harabar wani coci yake, wannan kuwa ya tsaya masa a rai. Ya tafi wurin wani dattijon malami, ya kawo maganar a kan ta wani abokinsa ce. Malam ya dube shi, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ka faɗa wa abokin naka, mai ciwo ba ya tambayar wa ya gina asibiti."

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne nisan wurin, mota uku zai shiga, ba mai ganinsa. Ya isa, ya tarar da ƙofa a kulle, maigadi kuma bai san da zancen ba. Irin wannan taro ba shi da allo a bakin titi, aron ɗaki ake yi, yakan kuma sake wuri ko rana. Da ma ya buga waya tun daga gida, da bai yi asarar yini ba. Ya kira lambar yana huci, wata murya ta ba shi haƙuri, ta yi masa kwatance.

Mako na gaba ya sami mutane kamar goma kan kujerun roba, da tsohon malamin makaranta, da wata 'yar kasuwa, da saurayin da bai fi ɗansa ba. Kowa sunansa na fari kawai yake faɗi, ba mai katse wani, ba mai wa'azi. Ba wanda ya tambaye shi addininsa, Ubangijin da mutum zai dogara da shi an bar wa kowa nasa. Musulmin Amurka ma sun kafa tasu a kan wannan tsari, Millati Islami, a Baltimore cikin 1989.

Bai ce uffan ba ran nan. Wani tsoho Bayarabe ne ya ba da labarin yadda yakan ɓoye kwalba cikin buhun garin rogo, yana rantse wa matarsa da ƙarya. Direba ya ji kamar asirinsa ake karantawa, don tasa maɓoyar akwatin sifana ce. Da aka tashi, tsohon ya miƙa masa lambarsa, ya ce, "Ɗana, in ya taso maka, kira ni kafin ka sha, ba bayan ka sha ba."

A wata na huɗu ya sha, a wata tasha kusa da Jebba. Ya yi mako biyu kunya ta hana shi komawa. Da ya koma ya faɗa, kansa a sunkuye, sai aka matsa masa kujera, aka ce ya soma lissafi daga yau.

Har yanzu ba wanda ya sani a Agege. Ran taro, in an yi sallama da shi, maiɗakinsa takan ce maigida ya shiga gari. In kuwa dare ya riske shi a hanya, yakan kulle kansa cikin mota, ya danna lambar Baba.